Moter ɗin Kawu Almu a Rijiyar Hanyar Ingal

Cikin dukan shekarun da na yi ina aiki a garajin gwamnati na Agadas, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da Kapitan ya aiko a kira ni da hantsi, hannuna duk baƙin mai, ya ce mini rijiyar hanyar Ingal ta tsaya. A shekarar 1984 ne, fari ya kai inda ya kai. Amma kafin in kai ku can sai na fara ba ku labarin wata mota da ke gidan kawuna, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da ya sa na tsaya a gaban soja ban ba shi amsa nan take ba.

Sunana Bashir, kuma a lokacin ni ne shef, wato shugaba, na ɓangaren ƙananan motoci. Tsarin garajin haka yake: akwai shef na garaji gaba ɗaya, a ƙarƙashinsa mu biyu ne, ɗaya yana kula da manyan kamiyo na ɗaukar kaya, ni kuma ina kula da kat-kat, ƙananan motocin nan masu shiga rairayi, da motocin likita. Kowannenmu yana da makanikai da masu koyo a hannunsa. Mulkin soja ake yi, prefe, wato gwamnan yankin, shi ma soja ne, kuma tun da yunwa ta tsananta aka ɗora wani kapitan a kan rabon hatsi da ruwa. Duk motar da ke iya motsi a yankin, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, a hannunsa take. In ya sa hannu a takarda ya ce ana bukatar motarka, sai ka miƙa makulli, babu musu.

Kawu Almuktar, wanda muke ce wa Kawu Almu, wan mahaifiyata ne. Tsohon direban kamiyo ne, ya yi hanyar Bilma, ya yi ta Aljeriya, kuma a wurinsa na fara koyon kwance ƙarfe da ɗaurewa. A shekarun da Turawa ke ƙetaro hamada da motoci, wani ɗan Italiya ya shigo da wata 'yar mota da ba ta da abin yi a cikin rairayi. Ja ce, kujera biyu, rufinta na tanti ne ana naɗe shi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Motar tsere ce, don hanya mai santsi aka yi ta. Da taurin kai ya kawo ta har kusa da Arlit, a nan ruwanta ya ƙare, moter ya yi zafi ya kama. Moter nake cewa, abin da 'yan'uwanmu na Kano ke kira inji. Kawu ya tarar da mutumin kwance a gefen motar yana ɓuya daga rana, ya ɗora shi da ita a bayan kamiyo ya kawo su gida. Baturen ya yi jinya a zauren Kawu har ya ji ƙarfi, da zai tafi ya bar masa motar.

Ta zauna a tsakar gida a ƙarƙashin rumfar tabarmi shekara da shekaru. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta. Inna Hadiza, matar Kawu, takan shanya albasa a kan murfin gabanta. Kawu yakan ce in ya ajiye tuƙi zai tashe ta. Da ya ajiye tuƙin sai idonsa ya fara rauni, hannunsa kuma yana ɗan rawa. Wata rana ya kira ni ya ce, "Bashir, ni kunne ya rage mini, kai kana da hannu. Ka riƙa zuwa ranar Lahadi."

Da muka ɗaga murfin na daɗe ina kallo, don ban taɓa ganin irinsa ba. Gangar jikinsa duk alminiyom ce, silinda huɗu, manyan karbiratar biyu masu haɗa masa mai da iska a gefe, komai nasa an shirya shi don ya juya da sauri. Muka kafa itace uku, muka rataya sarƙa, muka ciro shi muka ɗora a kan tsohuwar tayar kamiyo.

Pistan duk sun liƙe a cikin silinda. Ni da zafin ƙuruciya na so in ɗauko babbar guduma, Kawu ya hana. Muka cika kowace silinda da gazuwal, wato man dizal, muka rufe da tsumma, muka bar shi. Kowace Lahadi in zo in ɗora guntun itace a kan pistan in ɗan buga a hankali, in ƙara gazuwal, mu sha shayi, in tafi. An yi makonni a haka kafin na farko ya motsa. Babbar sandar da pistan ke juyawa ta ji rauni, muka naɗe ta a buhu muka ba wani direba abokin Kawu ya kai ta Damagaram aka gyara fuskarta. Zobban pistan, waɗanda muke ce wa sagma, ba a samu irin nasa ko'ina ba. Na samo na wata mota masu ɗan girma, na zauna da magagari ina rage bakinsu kaɗan kaɗan, ina sa su a silinda ina dubawa da hasken rana.

Supap kuwa, wato 'yan murafan da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, Kawu ya ce aikinsa ne. Yakan zauna a kan tabarma ya riƙe sanda tsakanin tafukansa yana murzawa kamar mai burga miya, yana sauraron gogar ƙarfe a kan ƙarfe. In sautin ya yi laushi sai ya ce wannan ta zauna. Ni kuma in zuba esansi, wato fetur, a kai in ga ko zai tsiyaya. In ya tsiyaya ko ɗigo ne, sai ya karɓa ya sake, ba ya jayayya.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan moter da gangar jikinsa, wadda ke raba wuta da ruwa da mai. Ta ƙone tun a hamada. Kawu ya ce mu je wurin Ghali maƙeri, mai ƙera wa mata kayan azurfa a bayan kasuwa. Ghali ya ɗora tsohuwar a kan fallen jan ƙarfe ya zana, ya yanka kowane rami da 'yan kayan da yake yi wa zobe ado, sannan ya gasa ta ya tsoma a ruwa don ta yi laushi. Da na auna ta na ce rami ɗaya ya kauce kaɗan. Ya duba da kansa, ya ajiye ta gefe, ya yanka wata.

Ranar da muka tashe shi ba mu mayar da shi cikin mota ba tukuna. Mun ɗaure shi a kan wani gadon ƙarfe da na haɗa, da radiyater da batir a gefe, ba abin rage ƙara. Ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ya kama. Tantabarun unguwa duk suka tashi. Inna Hadiza ta fito daga madafa tana toshe kunne. Kawu ya ɗauki guntun tiyo ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin karbiratar, yana ce mini in juya wannan, in mayar da wancan, har numfashin karbiratar biyun ya zo daidai. Daga nan hayaniyar ta koma murya ɗaya mai zurfi. Ya zauna ya ce, "Lahadi mai zuwa mu sa shi a mota. Ina so in ji shi a kan sabon gudron, kwaltar nan ta Arlit, kafin idon nan ya ƙare."

Cikin wannan makon ne Kapitan ya kira ni.

Waɗanda ba su ga wannan shekarar ba sai na ɗan yi musu bayani. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, Abzinawa da Fulani, sun yi ta gangarowa gari da abin da ya rage musu. Aka yi musu sansani a bayan gari ta hanyar Ingal, kusa da wata rijiya mai zurfi irin wadda ake haƙawa da na'ura, wadda muke ce wa foraj. Ruwanta ba ya fitowa da guga. Doguwar sandar ƙarfe ce ke sauka har ƙasa tana juya famfo, a sama kuma wani tsohon moter na gazuwal ke juya sandar da faffaɗar igiyar roba. Wannan moter ɗin ne ya fashe, har ƙarfe ya ɓullo ta gefensa.

Na tarar da su uku a biro, wato ofishin Kapitan: Kapitan, da shef ɗinmu na garaji, da Musa, wani matashi ma'aikacin ruwa da ya yi karatun aikin a Yamai.

Kapitan ya ce, "Na yi magana da Yamai. Za su aiko da wani, amma ba wannan makon ba, ba kuma na gaba ba. Motar tankin ruwa ɗaya gare ni, ba ta isar mutanen. Me kake da shi a garaji?"

Na ce, "Mon kapitan, duk abin da ke da rai yana kan hanya da hatsi. Waɗanda suka rage gawa ne, mun riga mun cire musu duk abin amfani."

Ya ce, "In na tsayar da kamiyo ɗaya ka cire nasa fa?"

Shef ya ce in aka tsayar da kamiyo ɗaya, ƙauyukan cikin duwatsu ne za su rasa hatsinsu. Kapitan ya san da haka tun kafin ya tambaya.

Ina tsaye, moter ɗin Kawu yana cikin kaina. Na san in na furta, kafin azahar soja sun je sun ɗauko shi, kuma doka tana bayansu. Na san kuma abin da shiruna zai jawo wa mutanen sansani. Na ce, "Mon kapitan, a ba ni zuwa la'asar." Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "La'asar."

Da muka fito na ja Musa gefe na tambaye shi ko moter na esansi mai saurin juyi zai iya jan famfon. Ya tsuguna ya yi lissafi da tsinke a ƙasa. Ya ce shi kaɗai ba zai iya ba, don irin wannan sai ya yi gudu sosai ƙarfinsa ke fitowa, famfon kuwa juyi a hankali yake so. Amma in an haɗa shi da akwatin canjin gudunsa, aka sa a bitas na biyu, wato giya ta biyu, zai yi.

Na sami Kawu yana goge kan moter da tsumma. Na zauna na faɗa masa komai, ban ɓoye ba, ban kuma ƙawata ba. Ya ajiye tsumman.

Can ya ce, "Ka faɗa musu?"

Na ce, "Ban faɗa ba, Kawu. Wurinka na fara zuwa."

Ya ce, "Ka san sagma ɗin nan ba su zauna ba tukuna. Sabon haɗi lallaɓa shi ake yi. Kai kuma kana so ka ɗaure shi wuri ɗaya cikin rana ya yi ta ja kamar raƙumin lambu. Zai cinye kansa."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Ya ce, "Kuma ka san wuyar da muka sha kafin mu haɗa kayan nan."

Inna Hadiza tana bakin ƙofar ɗaki tana jin mu. Ta ce, "Elhaji, kafin ka ce i ko a'a, ka je ka gani da idonka."

Na ɗauke shi a kat-kat ɗin garaji muka tafi. Abin da na fi tunawa a sansanin shi ne shirun. Mata sun jera salka da bido, wato jarkoki, tun daga bakin rijiyar har inda ido ke iya kai, suna zaune a gefen kayansu, ba mai magana. Wani dattijo Ba'abzine ya taso ya gaishe da Kawu da sunansa. Ashe sun san juna tun a hanyar Fachi, lokacin da dattijon ke jan ayarin raƙuma zuwa ɗaukar gishiri. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar bukkarsa, suka yi ta gaisuwa irin tasu mai tsawo, bai roƙi komai ba, bai ma ambaci rijiyar ba. Da za mu tashi sai ya ce mu yi haƙuri, yau ba zai iya dafa mana shayi ba.

Kawu ya taka har wurin famfon. Ya kama babbar tayar da igiya ke juyawa da hannu biyu, ya murza ta a hankali yana jin nauyinta. Ya sake ta ya ce, "Kai ni wurin sojan nan."

A biro Kapitan ya ba shi kujera. Kawu ya ce, "Kapitan, ina da moter a gida. Ba karɓa za ku yi ba, ni ne na kawo. Amma da sharaɗi. Ni zan zauna kusa da shi, ba mai taɓa shi sai ni da Bashir. In rana ta take a kashe shi ya huta. Esansi a tace shi kafin a zuba. Mai kuma a canja ranar da na ce."

Kapitan ya ce, "Elhaji, ranar Lahadi har bariki an ji ƙararsa. Na tambaya, an gaya mini. Da na so da na aika tun jiya. Amma an ce mini ba wanda ya san kansa sai ku biyu, in na ɗauko shi ba ku, ƙarfe kawai na ɗauko. Na yarda da sharuɗɗanka." Ya juya wurin shef ya ce a ba mu mota da duk kayan aikin da muka nema, esansi kuma daga kason bariki za a riƙa cira.

Yammar ranar da kashegari muka yi muna haɗawa. Muka ciro akwatin canjin gudu daga jikin motar muka ɗaura wa moter. Muka yanka sandar da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya, muka liƙa mata ƙaramar taya ta ƙarfe wadda igiyar za ta hau. Muka kafa gadon ƙarfen a kan dakalin siminti inda tsohon moter yake. Mota in tana tafiya iska ce ke sanyaya mata ruwa, wanda ke tsaye wuri ɗaya kuwa ba shi da wannan gatan, don haka muka ajiye radiyater gefe muka haɗa shi da babban tano, wato duro, cike da ruwa, ruwan zafi ya fita ta sama, mai sanyi ya shiga ta ƙasa. Muka ɗauro masa matatar iska ta kamiyo, irin mai wanka da mai, don kada ya shaƙi rairayi.

Muna gab da tashinsa Musa ya ce, "Shef Bashir, dakata. Wane gefe yake juyawa?" Na nuna masa. Ya ce famfon ta ɗaya gefen yake so. Sandar da ke cikin rijiya gutsi-gutsi ce, an murɗa su cikin juna, in aka juya su baya za su kwance su faɗa ƙasa, daga nan ko moter na Yamai ya zo ba abin da zai ja. Muka sassauta igiyar muka gicciya ta, juyin ya koma yadda ake so. Musa ya sake dubawa da hannunsa kafin ya ce mu tashe shi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata masu koyo su gane. Moter na famfo yana da abin da ke riƙe masa gudu da kansa, nauyi ya ƙaru ko ya ragu. Na mota ba shi da shi, ƙafar direba ce ke wannan aikin. In nauyi ya sauka ba zato, zai zabura ya yi ta hawa har ya tarwatse. Don haka muka ɗaura waya a jikin karbiratar, Kawu ya zauna a kan kujerar katako ƙarƙashin rumfar tabarma ya naɗa ta a yatsa.

Na tashe shi, muka bari ya yi ɗumi. Na sa bitas na biyu na sakar masa nauyin famfon a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa kamar zai mutu, Kawu ya ɗan ja waya, ta dawo. Igiya ta fara mari, babbar tayar ta soma juyawa. Muka jira. Bututun ya yi ta fitar da iska, sannan jar laka, sannan ruwa garai. Ba wanda ya ruga. Dattijon nan ya tsaya a bakin bututu da sandarsa yana kiran layi, matar da ke gaba ta tara hannu ta wanke fuskar jaririnta kafin ta tara salka. Kawu bai ma kalli ruwan ba, kansa yana karkace wajen moter. Ya ce mini, "Ɗan rage wa karbiratar ta baya iska." Na rage.

Daga ranar Kawu ya tare a bakin rijiya. Inna Hadiza tana aiko masa da abinci a motar tanki. Yakan tashe shi bayan sallar asuba, ya kashe in rana ta take, ya sake tashi bayan la'asar. Ni kuma in na tashi daga garaji in zo in duba mai, in wanke buji, wato fulogi, in ɗaure abin da girgiza ta sassauta. Wata safiya igiyar ta tsinke ana cikin aiki. Musa yana wurin, ya ce mini moter ya fara wani ihu, kafin shi ya juyo Kawu ya riga ya saki waya. Ya ce ya ji sautin igiyar ya sake tun kafin ta rabu. Aka ɗinke ta da waya aka ci gaba.

Abin da Kawu ya faɗa tun a gida shi ya faru. Cikin mako na biyu hayaƙinsa ya fara yin shuɗi, yana shan mai. Aka ci gaba da kwanaki, shan man yana ƙaruwa. Wata rana da yamma na cire buji na ga sun jiƙe baƙi ƙirin. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Kawu, in muka tsayar da shi yau, za mu iya ceton silinda. In muka ci gaba ban sani ba."

Ya ce, "Na Yamai ya iso?"

Na ce, "An ce yana Tawa, kamiyon da ya ɗauko shi ya lalace a can."

Ya ce, "To me kake tambaya ta? Samo mai mai kauri irin na kamiyo. Mu rage masa gudu kaɗan, mu ƙara masa lokaci da sanyin safe. Zai kai."

Ya kuwa kai. Ranar da sabon moter na gazuwal ya iso, namu yana aiki, yana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace, amma ruwa na zuba. Muka bari layin safe ya ƙare kafin Kawu ya kashe shi. Kapitan ya zo da kansa wurin canjin. Ya tambayi Kawu abin da yake so a yi masa. Kawu ya ce a ba shi gazuwal na wanke kaya, kuma a daina sa ni aikin gadi ranar Lahadi. Kapitan ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa, ya ce an yi.

Lahadi ta gaba muka kwance shi a tsakar gida. Sagma sun siɗe kamar bakin tsohuwar wuƙa, silinda biyu sun yi zane mai zurfi wanda farce ke kamawa. Na miƙa wa Kawu ɗaya ya shafa cikinta da yatsa. Na ce, "Kawu, na jawo maka an lalata shi."

Ya ce, "Bar wannan maganar. Miƙo mini shimfiɗar Ghali."

Na miƙa masa. Ya bi gefenta da yatsa rami bayan rami, ba inda wuta ta ci, ba inda ruwa ya ratsa. Ya sa na zuba esansi a kan supap, ko ɗigo bai wuce ba. Babbar sandar ma fes take. Ya jingina da bango ya ce, "Ka gani. Abin da ya ci shi ne abin da muka san zai ci. Inda muka sa hannu da kyau, ko ɗaya bai ba mu kunya ba." Sai ya ce wa Inna Hadiza ta ɗora shayi, ya ce ni kuma in fara wanke kayan.

Gyara na biyu ya ɗauke mu fiye da shekara, don sai da muka jira wani direba ya samo mana silinda daga Aljeriya. Motar ta tashi, ta kuma yi tafiya, amma wannan wani labarin ne, ba shi ya kawo ni ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da ke farkon sana'ar nan, abu biyu ne. Na farko game da mutane. A wancan lokacin ƙarfi yana hannun hukuma, ana iya ɗauke abin mutum da takarda ɗaya. Amma da an ɗauko moter ɗin nan haka, da bai yi kwana biyu ba, don da ba a sami wanda zai zauna cikin zafin nan da waya a yatsa yana sauraro ba. Kawu ya ba da fiye da abin da za a iya ƙwata a hannunsa, saboda an je an tambaye shi, an kuma bar shi ya gani. Na ga haka sau da yawa bayan nan, a wurin direbobi da maƙera da ma'aikata irin su Musa. In ka gaya wa mai sana'a gaskiyar abin da ake ciki, yawanci zai wuce inda ka roƙa.

Na biyu game da aikin kansa. Lokacin da muke murza supap a tsakar gida, abin sha'awa muke yi, motar da dattijo zai hau ya sha iska. Ba mai duba mu, ba shef, ba mai jira. Da mun ce ramin da ya kauce kaɗan ba komai ba ne, ko ɗigon esansi ba zai hana tafiya ba, da motar ta tashi lafiya lau, ba wanda zai sani. A bakin rijiya ne da abin ya fito, ranar da mutane ke zaune a layi. Makanike ba ya sanin inda moter ɗin da ya ɗaure zai ƙare, ko wa zai dogara da shi. Shi ya sa in ɗayanku ya gama ɗaure kan moter, na zo na duba na ce ya kwance ya sake, kada ya ɗauka mugunta ce. Ya kwance kawai ya sake.